'Yan aji huɗu za su iya zaɓen monita da kansu kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata firamaren gwamnati, aji huɗu nake riƙe da shi, yaran sun haura tamanin. A darasin Sibik ana so mu koya musu dimokuraɗiyya da yanke shawara tare, na gwada barinsu su zaɓi monita sai aji ya koma kasuwa, ƙarshe wani yaro da ya raba alawa shi ya ci. In ci gaba ko in koma naɗawa da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, sannu da fama. Ki ci gaba, amma gaskiya kin fara ne daga inda ya fi wuya. Zaɓen mutum ko mu manya bai gama zauna mana ba, balle yaro ɗan shekara tara da aka nuna wa alawa lokacin tara. Ki ɗan ajiye maganar monita tukuna, ki fara ba su zaɓin abu: yadda za a raba sharar aji, wasan da za a yi ranar Juma'a, ko dokoki biyar da za a manna a bango. Nan babu wanda zai ji an ƙi shi, kuma babu wanda zai saya.

Yara tamanin kuwa ba sa shawara a dunƙule, ko 'yan majalisa sai sun kasu kwamiti-kwamiti. Ki raba su goma-goma yadda suke zaune, kowane rukuni da mai rubutu ɗaya da mai tashi ya faɗi abin da suka tsayar, kuma kowane sati a canza, in ba haka ba yara biyun nan masu baki su za su riƙa magana har ƙarshen zango. Ki ba kowane rukuni wani abu, ko murfin biro ne, wanda yake hannunsa shi kaɗai ke da magana, in ya gama ya miƙa wa na kusa da shi. Wani lokacin ki sa 'yan mata su fara, don in maza suka riga buɗe baki, daga yawancin 'yan matan sai dai ki ji "ni ma haka".

Sai jefa ƙuri'a, kuma nan nake so ki fi kula. Kar ki ce a ɗaga hannu, kar kuma ki yi ƙato bayan ƙato, saboda yaro kafin ya ɗaga hannu sai ya waiga ya ga ina babban ajin ya nufa, wanda in an tashi zai iya tare shi a hanya. Ki samo gwangwanayen madara, kowane zaɓi da nasa, ki ajiye su bayan tebur ki kare da kwali, kowane yaro ki ba shi tsakuwa ɗaya ko ƙwallon dabino ya je shi kaɗai ya jefa. Kar ki ga kamar wasa ne fa, ƙasar Gambiya tun shekarun 1960 da 'yan duwatsun gilashi take yin zaɓe, ana jefawa cikin ganga mai hoton ɗan takara, kuma dalilinsu shi ne naki, wanda bai iya karatu ba ma zai iya. In an gama a zazzage a gaban kowa, kowane ɓangare ya tsayar da ejan, aji duka su ƙirga da ƙarfi, a rubuta a allo, a kuma duba ko adadin ya yi daidai da rajistar ranar, in tsakuwa ta fi yara yawa toh kin samu darasin maguɗi kyauta.

Shi kuwa mai alawa ni ban ga ki tsige shi ba. Ki sa wa'adi, wata ɗaya, in ya cika ki tambayi ajin: allo yana goguwa? surutu ya ragu in na fita? sunan abokansa yana rubutawa ko na wasu kawai? Su da bakinsu za su faɗa, daga nan sai ki bar su su kafa dokar cewa duk wanda ya raba wani abu ya fita takara. Dokar da suka yi da kansu sun fi ki tsare ta, har ƙara za su riƙa kawo miki.

Abin da ya fi kashe wannan aiki shi ne malami ya ba da zaɓi, sakamako ya fito bai masa daɗi ba ya soke. Sau ɗaya kika yi haka sun gane zaɓe holoƙo ne. Don haka tun farko ki faɗa musu iyaka, lokacin darasi da jarabawa da hukunci ba nasu ba ne, abin da kika sa a gabansu kuma duk yadda ya fito ki bi, ko da kina ganin ɗayan ya fi. Waɗanda suka faɗi kuma a rubuta shawararsu a gefen allo, a ce wata mai zuwa za a sake dubawa, hakan yana rage kuka da gaba sosai.

Za ki iya jin wani uba ko abokin aiki ya ce ana koya wa yara raini. Ki tuna masa aya ta 159 a Ali Imrana inda aka umarci Manzon Allah (SAW) da ya yi shawara da sahabbansa. Ta fuskar doka ma, sashe na 12 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya ce a saurari yaro kan abin da ya shafe shi gwargwadon shekarunsa, Najeriya kuma ta amince da ita a 1991, sannan a tsarin kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, akwai kujerar wakilan ɗalibai, duk da a wurare da yawa suna ne kawai a takarda. Minti goma sha biyar duk Juma'a ya isa, sai dai ki sanar da hedimasta kafin ki fara don satin farko dole a yi hayaniya.