Fatawa: An yi min tayin aikin ɗakin tiyata a Amurka har da biza, ya halatta in tafi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni nas ne, shekarata biyu kenan a ɗakin tiyata a wani asibiti nan Kaduna, ni ke jera kayan aiki ina miƙa wa likita. Wani ejan ya ce zai haɗa ni da wani asibiti a Amurka, aikin da suke ce ma sajikal teknolojis, wai asibitin ne zai ɗauki nauyin biza. Abin da ke damuna Malam a can ba ruwansu da raba maza da mata, dole zan riƙa ganin tsiraicin mata, ga sallah, wani aikin sai a yi awa 6 ana tsaye, ga abin wanke hannu mai giya a ciki, an ce ma wasu kayan daga alade ake yinsu, kuma na ji ana zubar da ciki. Sai kuma ejan ɗin ya ce in fara biyan kuɗin biza, kuma tunda shekara 5 suke nema zai samo min takardar da za ta nuna na yi shekara 5, wai kowa haka yake yi. Mahaifiyata ta ce ba za ta sa albarka ba sai na ji daga bakin malamai.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka wa Hajiya da alheri da ta ce a tambaya kafin a ɗaure jaka, da yawa sai sun sauka can sannan suke tuna akwai malamai.

Toh ɗan'uwa, shi aikin a asalinsa halal ne, kai har cikin farillan kifaya yake shiga. Mutumin da ke shirya teburin kayan aiki, ya tabbatar an kashe ƙwayoyin cuta a jikin kowane almakashi da aska, ya sa wa likita riga da safar hannu, ya miƙa abin da aka nema tun kafin a buɗe baki, ya riƙe ƙarfen da ke buɗe rauni, ya ƙirga allurai da ƙyallayen tsane jini, wannan yana da kaso a faɗin Allah cikin Suratul Ma'ida aya ta 32 cewa wanda ya rayar da rai ɗaya kamar ya rayar da mutane ne baki ɗaya. Rufaida Al-Aslamiyya tanti gare ta a masallacin Annabi (SAW) tana jinyar masu rauni, can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Yi wa wanda ba musulmi ba aiki ma ba laifi, Khabbab ɗan Aratti maƙeri ne a Makka ya yi wa Asi ɗan Wa'il aiki, Bukhari ya kawo shi a babin ƙodago. Sharaɗin zama a irin waɗannan ƙasashe shi ne ka iya tsayar da addininka a fili kuma ka aminta da kanka da iyalinka, wannan kuwa kai ka fi ni sanin kanka.

Amma bari in fara da abin da ka sa a ƙarshe kamar ba komai ba, don ni shi ya fi tayar min da hankali a duk tambayar.

Takardar shekara 5 alhali shekara 2 ka yi, wannan shaidar zur ce kuma algus ne, haramun ne ba wani saɓani. Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, Muslim ya ruwaito. Kuma ba a ce algus ya halatta idan wanda za a cuta Bature ne ba. Ka duba ma wa ake cuta a nan, ba asibitin kaɗai ba, mara lafiyan da aka sa wa barci ya miƙa wuya bai san inda kansa yake ba, an ce masa wanda ke tsaye kusa da likita ƙwararre ne na shekara 5, sai a saka ka aikin zuciya ko na ƙwaƙwalwa da ba ka taɓa gani ba, jijiya ta ɓalle likita ya miƙo hannu kai kuma kana laluben abin da ba ka san sunansa ba. 'Yar dattijon Madyana da ta ce wa babanta ya ɗauki Annabi Musa aiki abu biyu ta faɗa, mai ƙarfi kuma amintacce, to takardar bogi ƙarya ce a kan na farko kuma ta rushe na biyu. "Kowa haka yake yi" ba hujja ba ce, ranar da za a tsaya kai kaɗai za a tsayar. A dokarsu ma wanda aka kama ya yi ƙarya a neman biza haramcin shiga ƙasar na har abada ne yake hawa kansa, ka ga an yi biyu babu.

Batun kuɗin ejan kuma, dillanci halal ne, in mutum ya yi maka aiki na gaskiya kamar gyara takardu ko haɗa ka da mai ɗaukar aiki ya karɓi ladan da kuka yi yarjejeniya a kai ba laifi. Sai dai ni wannan ejan naka ban natsu da shi ba. Aikin nan a Amurka galibi karatun shekara 2 ne ko ƙasa da haka, ba digiri ba, shi ya sa da wuya ya shiga bizar H-1B wadda ta fi karkata ga masu digiri, hanyar da aka fi sani ita ce EB-3, wato bizar zama ta dindindin ta hanyar aiki, kuma a nan sai asibitin ya fara nuna wa ma'aikatar ƙwadago ta ƙasar cewa ya nema a gida bai samu ba, kuɗin wannan matakin kuwa doka ta ce mai ɗaukar aiki ne zai biya, ba a ɗora wa ma'aikaci. Sannan shaidar da asibitoci da dama ke tambaya, wato CST, takardar shaidar ƙwarewa a wannan aikin, hanyar zama jarrabawarta ita ce kammala makarantar da hukumominsu suka amince da ita ko horon soja. To ejan ya gaya maka ta ina za ka bi wannan? In bai faɗa ba ka riƙe kuɗinka, kura ce da fatar akuya. Ka nemi sunan asibitin, ka rubuta musu da kanka, ka ga takardar tayin aiki da idonka. Kai da kake nas ma ƙofar nas ta fi maka faɗi, don nas-nas suna cikin jerin da aka ɗauke wa wancan matakin na neman ɗan gida, in sun ci jarrabawar NCLEX ta samun lasisin aikin nas a can. Zuba kuɗi a abin da ba ka san ƙarshensa ba garari ne, balle a ce gona ko filin gado za a sayar.

Yanzu al'aura. Asali runtse ido ne kamar yadda ya zo a Suratun Nur aya ta 30, amma magani buƙata ce da shari'a ta yi wa rangwame, Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta ce suna fita yaƙi tare da Annabi (SAW) suna shayar da mutane suna yi wa masu rauni magani. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen musulmi a zamanta na Burunai a 1993 ta jera abin daki-daki, mace musulma ta duba mace, in babu sai amintacciyar da ba musulma ba, in babu sai namiji musulmi, sannan wanda ba musulmi ba, kuma a duba iya wurin buƙata ba tare da keɓancewa ba. Kai ba kai ke zaɓar wa za a kawo ba, kuma ka fi ni sani, da zarar an shimfiɗa ƙyallayen tiyata ba abin da ake gani sai gurbin da za a yanka, ga mutum biyar ko shida a ɗakin, babu halwa. Inda za ka yi taka-tsantsan shi ne kafin a lulluɓe da bayan an yaye, lokacin gyara kwanciya da goge fata da sa robar fitsari. In akwai mace a wurin da za ta iya, bar mata, in babu yi abin da ya kama ka kawar da kai, ka zama kai ne mai saurin jawo mayafi. Wasa da dariya a kan jikin wanda ke barci, da fita waje ana ba da labarin abin da aka gani, wannan cin amana ne ko a Kaduna ko a Amurka. In kuma ka san zuciyarka ba ta da ƙarfi a wannan fannin ka nemi a kai ka ɓangaren ƙashi ko ido.

Alwala ba ta karyewa da taɓa mara lafiya a mazhabarmu ta Malikiyya sai in an nufi jin daɗi ko an ji shi. Jini kuwa najasa ne, in ya taɓa kayan da ke jikinka ka canza, kaɗan da bai kai faɗin dirhami ba an yi afuwa.

Sallah. Kar ka mayar da awa 6 ta zama hujjar kullum, yawancin ayyuka ba sa kai haka kuma kana ganin jerin ayyukan tun da safe, sallah kuma minti biyar ce tsakanin aiki da aiki. In ka san za a shiga dogon aiki bayan azahar ta yi, yi sallarka kafin ka wanke hannu. In aikin zai cinye lokacin la'asar gaba ɗaya kuma ba mai karɓarka, ina ganin ka ɗauki sauƙin da ke cikin hadisin Ibn Abbas a Muslim, cewa Annabi (SAW) ya haɗa azahar da la'asar, magariba da isha a Madina ba tsoro ba ruwan sama, da aka tambayi Ibn Abbas dalili ya ce don kada ya ƙuntata wa al'ummarsa. Hanbalawa sun faɗaɗa wannan ga mai uzuri irin naka, malamanmu na Malikiyya sun fi tsanantawa, amma gara ka haɗa da ka bar sallah ta fita. Za ka fi jin wannan da hunturu, rana gajera ce a jihohin arewa, azahar da la'asar da magariba duk sai su faɗo cikin dutinka. Asuba ba a haɗa ta da komai, la'asar ba a haɗa ta da magariba. In gaggawa ta ritsa ka, jini na zuba, ba ka cire safar hannu ka ce za ka yi sallah, ceton rai ake gabatarwa, kana fitowa ka rama ba laifi a kanka.

Abin wanke hannu mai alkohol ba shansa kake ba, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka a 2002 ta halatta amfani da shi wajen tsaftace fata da raunuka, shi ne dai sifirit ɗin da kake gogawa a Kaduna. Abin alade kuma gaskiya ne akwai, hefarin mai hana jini daskarewa daga hanjin alade ake ciro shi, akwai soson tsayar da jini na jelatin, akwai ƙofar zuciya ta alade da ake dasawa. Malamai sun yi magana a kai ta fuskar lalura da kuma rikiɗewar abu daga asalinsa zuwa wani abu daban, kai ba kai ka zaɓa ba, da safar hannu kake ɗauka, ban ga laifi a kanka ba.

Inda ba rangwame shi ne aikin da shi kansa haramun ne. A nan ba za ka ce ai ni miƙawa kawai nake ba, wanda ya miƙa wuƙa yana da hannu a yanka, Allah ya ce kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Zubar da ciki don ra'ayi kawai, Shehu Dardir cikin Sharhul Kabir ya ce bai halatta a fitar da abin da ya zauna a mahaifa ba ko da kafin kwana 40 ne, bayan an busa rai kuma haramun ne da ijma'i. Haka juya mahaifa ko ɗaure namiji don yanke haihuwa kwata-kwata ba tare da lalura ba, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen musulmi ta hana a zamanta na Kuwait a 1988, haka tiyatar sauya jinsi ga wanda halittarsa lafiya lau. Amma kar ka cakuɗa, wankin ciki bayan ɓari, cikin da ya zauna a bayan mahaifa, cire ciki don ran uwa na cikin hatsari, gyaran halittar mata-maza, gyaran ƙuna ko leɓen da ya tsage, duk magani ne, ka shiga da kyakkyawar niyya. Na sha ganin masu zafin kai suna gudun wankin cikin ɓari wai zubar da ciki ne, su bar baiwar Allah tana zubar da jini, wannan jahilci ne ba taƙawa ba.

Kuma dokarsu ta ba ka ƙofa, tun 1973 akwai dokar tarayya a Amurka da ta hana asibitocin da ke karɓar wasu kuɗaɗen gwamnati tilasta wa ma'aikaci taimakawa a zubar da ciki ko yanke haihuwa in ya saɓa wa addininsa. Ka faɗa musu a rubuce tun kafin ka sa hannu a kwantiragi, ba sai an kwantar da mace an sa mata barci ba sannan ka ce kai ba za ka yi ba. In suka ce dole sai da wannan, to wannan gurbin bai halatta gare ka ba, nemi wani.

Kwantiragin ma ka karanta shi kalma-kalma, yawanci akwai sharaɗin sai ka yi musu wasu shekaru, in ka bari kafin nan ka biya abin da suka kashe. In kuɗin da suka kashe ne na gaskiya kuma an faɗi adadinsa, sharaɗi ne ingantacce, musulmi suna kan sharuɗɗansu, ba ka isa can ka ga inda ya fi tsoka ka gudu ba. In kuma tara ce mai hawa da ruwa, ka ce a cire ko a gyara kafin ka sa hannu.

Saboda haka ka gaya wa Hajiya tafiyar ta halatta in da takardunka na gaskiya ne, shekara 2 ka rubuta shekara 2, kuma an cire ka a rubuce daga waɗancan ayyukan. Da takardar ejan kuwa ban halatta maka ba, ko da bizar ta fito gobe.

Wallahu a'alam.