Amsa ga mai tambaya kan tsarin abincin Disney World

'Yar'uwa, kin ce ke da maigida da yara biyu za ku kwana biyar a otal ɗin Disney da ke Orlando a Amurka, kina so ki san ko biyan kuɗin abinci tun kafin tafiya zai fisshe ku. Yana fisarwa, amma sai an ci shi da lissafi.

Da aka dawo da tsarin a Janairun 2024, iri biyu aka yi shi. Ƙaramin yana ba kowane mutum abincin kanta biyu (wanda mutum ke zuwa kanta ya karɓa da kansa) da abin taɓawa ɗaya a kowane dare. Babban kuwa abincin kanta ɗaya, na zama a tebur ɗaya, da abin taɓawa ɗaya. A 2024 babban tsarin ya kai kusan dala 94 ga babba, kusan 30 ga yaro, a kowane dare. Ki lura, yaro a wurinsu daga shekara 3 zuwa 9 ne. Ɗan shekara 10 kuɗin babba zai biya ko da cinsa bai kai rabin faranti ba, kuma nan ne iyalai da yawa ke tafka asara.

Da yawan dararen da za ku kwana ake ƙirga rabon abincin, ba da yini ba. Kwana biyar rabo biyar ke nan, ana zuba muku su gaba ɗaya ranar shiga, su mutu da tsakar daren ranar fita. Kina iya cin biyu yau ki tsallake gobe, amma abin da ya rage ba a mayar da kuɗinsa.

Ribar tana cikin rabon tebur. Ki kashe shi a abincin dare mai tsada, irin wanda mutum ke ɗiba da kansa, a gidajen abinci kamar Boma, ko Chef Mickey's da Crystal Palace inda yara ke gaisawa da su Mickey ko Winnie the Pooh. Kada ki ɓata shi a karin kumallo mai araha. Wurare irin Cinderella's Royal Table rabon tebur biyu suke ci a zama ɗaya, da wuya lissafin ya fita. Kama tebur kwana 60 kafin zuwa ake fara shi, kuma wuraren da na ambata da wuri suke cika.

Ga abin da ya shafe mu musamman: an sa kuɗin giya a cikin farashin manya. Tunda ba sha za ku yi ba, ku riƙa karɓar abin sha mafi tsada da aka yarda da shi, kamar haɗin madara da askirim, ba lemon kwalba ba. Haka nan in kifi da ganye kawai za ku ci saboda halal, farantinku zai gaza na nama a kuɗi, don haka ki duba farashin abincin a manhajar My Disney Experience ki haɗa jimilla kafin ki biya. Buƙatar halal kuma tun wajen kama tebur ake faɗa, ba sai an zauna ba.

Kada ki sayi ruwan gora da rabon abin taɓawa, ruwan ƙanƙara kyauta ne a kantunan abinci. Kofin abin sha da za a ba ku cikin tsarin, a otal kaɗai ake sake cika shi, ba a filin wasa ba. Sannan ki ware kuɗin ihsanin ma'aikatan tebur daban, kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari na asalin farashin abincin, don a yawancin wurare tsarin bai haɗa da shi ba.