Tambaya da Amsa: In kulle shi a ɗaki ya daina giya?

Tambaya: Likita, ƙanena ya daɗe yana shan goskolo kullum. Da safe hannunsa na karkarwa, sai ya sha take lafawa. Mun shirya kulle shi a ɗaki har ya daina. Daidai ne? Daga wata 'yar'uwa, Jos.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ku kulle shi. Karkarwar nan alama ce jikinsa ya dogara da giyar, kuma yankewa lokaci guda tana iya kisa. Giya tana danne ƙwaƙwalwa. Idan aka janye ta kwatsam, ƙwaƙwalwar sai ta zabura fiye da ƙima. Cikin awa 6 zuwa 24 gumi, amai da fargaba kan fara. Jijjiga irin ta farfaɗiya takan zo cikin kwana 2 na farko, ruɗewa da gane-gane kuwa wajen kwana na 2 zuwa na 4. Nan ne haɗarin yake.

Ku kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Akan ba da diazepam, maganin da ke kwantar da ƙwaƙwalwa, ana ragewa sannu a hankali, da bitamin B1, a duba hanta. Kada ku sayo diazepam a kemis, haɗa shi da giya na iya tsayar da numfashi.