Tambaya da Amsa: An Ƙaƙaba wa Ɗana Sata Don Mu 'Yan Zango Ne

Tambaya: Assalamu alaikum. Bara muka taso daga Aboabo, ɗaya daga unguwannin Zango (unguwannin Hausawa da sauran Musulmi) na Kumasi, muka kama haya a wata sabuwar unguwa a bakin garin Kumasi, mu kaɗai ne Hausawa a layin. Wata biyu da suka wuce aka sace tukunyar gas a wani gida. 'Yan sintirin unguwa suka tare ɗana mai shekara 16 yana dawowa daga sallar isha'i, suka doke shi suna ce masa "pepeni" (kalmar raini ga mutanen arewa a harshen Twi), wai 'yan Zango duk ɓarayi ne. Ya kwana a wajen 'yan sanda, da safe aka sake shi babu wata tuhuma. Tun daga nan ana jifan rufinmu da dare, mai gidan kuma ya ce mu tashi. Yaron ya daina fita, ƙanwarsa mai shekara 7 ta koma fitsarin kwance. 'Yan'uwana sun ce za su zo da samari. Ina mafita?
Uwar yara uku, Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanyaya zuciya. Abin da aka yi wa ɗanki zalunci ne, kuma doka ta san shi da wannan suna. Sashe na 17 na kundin tsarin mulkin Gana na 1992 ya hana nuna wa mutum bambanci saboda ƙabila ko addini.

Ki fara da hana 'yan'uwanki zuwa da samari. Ranar da babura goma suka shiga layin nan, an manta da dukan da aka yi wa yaro, labari ya koma "'yan Zango sun kawo hari", mai gaskiya ya zama abin nema. Mutanen Kumasi ba su manta da 2018 ba, lokacin da 'yan sanda suka harbe mutum bakwai 'yan Asawase a yankin Manso Nkwanta aka ce 'yan fashi ne, daga baya kwamitin gwamnati ya ce bai sami shaidar hakan ba.

A samu littafi guda. Duk jifa a rubuta rana da lokaci da wanda ya ji ko ya gani. A ɗauki hoton kwanon da ya lotsa da duwatsun kafin a share, a tura wa wani ɗan'uwa don kada waya ta ɓata. Sau da yawa irin wannan ƙara a wannan gaɓar take mutuwa: mutum ya ce "kullum suna jifanmu", a tambaye shi yaushe, ya rasa amsa.

Da littafin za ku je ofishin 'yan sanda, ke da maigidanki da wani dattijo mai jin Turanci da Twi. Duka laifi ne a ƙarƙashin dokar laifuka ta 1960, haka ɓarnar dukiya, haka barazanar raunata mutum ko kisa. Kada ku sa hannu a bayani sai an karanta muku shi, ku kuma rubuta sunan mai binciken da lambarsa. Ku nemi takardar asibiti ta 'yan sanda likita ya cike. Wata biyu ya wuce, rauni ya warke, amma in kun kai shi asibiti a lokacin, katinsa yana nan kuma shaida ne. In jifa ya tashi da dare a kira lambar gaggawa 191 ko 112.

Akwai abin da ba ki faɗa ba, kuma yana da nauyi. An sanar da ku da aka kama shi? An haɗa shi ɗaki ɗaya da manya? An ɗauki bayaninsa babu uba ko uwa ko lauya? Dokar shari'ar yara ta 2003 ta wajabta a sanar da iyaye, ta kuma hana sauran biyun ga wanda bai kai 18 ba. In an saɓa, ku kai kuka hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, CHRAJ. Ba a biyan ko sisi, ana kuma karɓar ƙara da baki. Amma kada ku bari shekara ta zagayo, domin tana iya ƙin sauraron abin da ya wuce wata 12.

Mai gidan haya ba shi da ikon fitar da ku da baki ko cire ƙofa. Sai ya bi ta ofishin kula da haya da kotu. Ki adana rasit da takardar yarjejeniya.

Sulhu kuwa yana da kyau in an san abin da ake nema. Ku sa limaminku ko wakilin Sarkin Zango ya nemi zama da asambuliman (zaɓaɓɓen wakilin unguwar a majalisar gunduma) da shugaban ƙungiyar masu gidaje. Kada a tashi da "a yi haƙuri" kawai. Ku nemi a faɗa a gaban jama'a cewa an saki yaron babu laifi, a kuma ja kunnen 'yan sintiri cewa aikinsu miƙa wanda ake zargi ga 'yan sanda, ba duka ba. Sau da yawa a layi akwai maƙwabciya ɗaya da abin bai yi mata daɗi ba, ta yi shiru don tsoro. Ki nemo ta, ko da gaisuwar safe ce.

Yanzu ga yaron, wanda shi ne ya fi damuna. Yaro mai shekara 16 da aka doka a gaban mutane, kunya ta fi ciwon jiki cinsa. Kada a ce masa "kai ma me ya fitar da kai da dare", domin zai ɗauka laifinsa ne. Kada kuma a sa shi maimaita labarin ga duk baƙon da ya zo jaje. Babansa ya zaunar da shi ya ce masa a fili: "Ba ka yi laifi ba, kuma ga abin da muke yi a kai." A nuna masa littafin, a gaya masa ranar zuwa CHRAJ. Fita kuma a hankali: mako na farko shi da babansa zuwa masallaci da rana, sannan shago na kusa, sannan shi kaɗai. Barinsa a ɗaki yana ƙara tsoron, tura shi da ƙarfi ma haka. Tunda an haura wata guda, in har yana firgita cikin barci, ko ya rage cin abinci, ko ya bar makaranta, ku kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin Komfo Anokye ko wajen nas mai wannan aiki a asibitin gunduma, a haɗa da addu'a. In ya ambaci mutuwa ko ramuwa, ranar za a kai shi.

Ƙanwar kuma tsoron ƙarar dutse ne yake fita ta wannan hanya. Ba duka, ba gori a gaban yara. A shimfiɗa leda ƙarƙashin zanen gado, a rage ruwa bayan magariba, a bar fitila a kunne, ta kwana kusa da ke na ɗan lokaci. In tana kukan zafi wajen fitsari, a gwada fitsarin a asibiti.

In barazana ta kai ga maganar kisa ko ƙona gida, ku kwashe yaran zuwa Aboabo a daren, amma ku shigar da ƙara kafin ku kwashe kaya, ku kuma nemi ragowar kuɗin hayarku a rubuce.