Tambayoyinku: Me ya hana Haskell samun fst3?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon Haskell, yaren rubuta manhajar kwamfuta. Na ga fst da snd suna ciro abu na farko da na biyu daga tuful (abubuwan da aka haɗa wuri ɗaya cikin baka, kamar (2, 'a')), amma da na ba fst tuful mai abu uku sai GHC, manhajar da ke fassara Haskell, ya ƙi karɓa. Me ya sa ba a saka fst3, wato fst ta tuful mai abu uku, a base, laburaren da ke zuwa tare da GHC, ba? Kuma yaya zan sauya abu ɗaya a cikin tuful ba tare da na warware shi ba? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Nau'in fst shi ne (a, b) -> a. A Haskell tuful mai biyu da mai uku nau'i ne daban-daban, ba kamar jeri ba, wanda gajere da dogo duk nau'insu ɗaya. Saboda haka kowane girma sai an rubuta masa tasa fst, alhali rahoton Haskell 2010 ya wajabta tallafa wa tuful har mai abu 15. In an buɗe wannan ƙofa, a ina za a tsaya?

Amma babbar matsalar ita ce suna. Mutane da yawa sun riga sun rubuta fst3 tasu. Da za a saka ta a Prelude, sashen base da ke shiga kowane fayil ko ba a kira shi ba, duk inda suka yi amfani da tasu GHC zai tsaya da kuskuren Ambiguous occurrence, don bai san wacce ake nufi ba. Shi ya sa Core Libraries Committee, kwamitin da ke kula da base, kan nemi mai kawo shawara ya gwada canjin a kan laburaren da ke Stackage, wani tarin laburaren Haskell, ya nuna nawa za su lalace, kafin a kaɗa ƙuri'a.

In kana buƙatarta yau, kunshin extra yana da fst3, snd3 da thd3 a Data.Tuple.Extra. Ko ka rubuta layi ɗaya: fst3 (x, _, _) = x. A ganinmu dai, bayanan da suka kai uku suna yawo tare sun cancanci nasu nau'in, wanda za ka ƙirƙira da kalmar data, mai filaye masu suna. Bayan wata biyu ba wanda zai tuna me thd3 ke cirowa.

Sauya abu ɗaya kuwa, ka shigo da Data.Bifunctor, wanda ya shiga base 4.8 tare da GHC 7.10 a 2015. first (+1) (2, 'a') zai ba ka (3, 'a'), second ta taɓa na biyu, bimap ta taɓa duka. Ka kula: Control.Arrow ma tana da first da second, in ka shigo da su tare sunayen za su yi karo.

Tarko ɗaya da ba ka tambaya ba: in ka tara jimla da ƙidaya a tuful cikin foldl', mai bin jeri tana tara sakamako, tilasta lissafin da take yi a kwanson tuful kawai yake tsayawa, ba ya kaiwa ga abin da ke ciki. Lissafin da aka jinkirta sai ya taru ya cinye ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ka kunna BangPatterns, ƙarin GHC da ke sa alamar ! ta tilasta lissafi nan take, ka rubuta (!s, !n) a wurin karɓar tuful ɗin.