Amsa ga mai tambaya kan jinkirin sauke fayil da qBittorrent

Malam, ka ce layinka megabit 20 ne amma qBittorrent, manhajar sauke fayil daga kwamfutocin masu rabawa, ba ya wuce kilobait 300 a daƙiƙa, kuma alamar da ke ƙasan manhajar ta ƙi zama kore. To, wannan alamar ce bakin zaren. Tana nufin kai kana iya ƙwanƙwasa ƙofar (port) wasu, amma babu mai iya shigowa ta taka. Idan mai riƙe da fayil ɗin shi ma tasa a rufe take, da wuya ku haɗu.

Kafin ka taɓa komai, shiga rautarka ta 192.168.1.1 ko 192.168.0.1 (na Huawei masu cin SIM galibi 192.168.8.1 ne), ka duba adireshin WAN, wato wanda kamfanin intanet ya ba rautar. Idan ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya fara da 10, galibi kamfanin ya cusa ku da yawa a bayan adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT. Haka layukan waya suka fi yi. A nan duk saitin da ka yi a rauta aikin banza ne, domin ƙofar a hannunsu take. Mafita ita ce ka nemi su ba ka adireshinka kai kaɗai, ko ka yi amfani da VPN (manhajar da ke bi da haɗinka ta wata sabar) mai buɗe ƙofa. Idan kuwa da 192.168 ya fara, rauta biyu ne a jere, sai ka mai da na kamfanin kan Bridge, wato ya riƙa miƙa haɗin kai tsaye ga naka.

In ka tsira daga wannan, sauran mai sauƙi ne. Shiga Options na qBittorrent, ka je Connection, ka zaɓi lambar ƙofa ɗaya tsakanin 49152 da 65535, misali 52000. Ka guji 6881 zuwa 6889, tsofaffin ƙofofin BitTorrent ne kuma wasu kamfanoni na shaƙe su. Sannan ka ɗaure wa kwamfutarka adireshi guda a sashen DHCP na rauta, mai raba wa na'urori adireshi. Nan mutane suka fi tuntuɓe: a ɗauke wuta a dawo da ita, rauta ya ba kwamfuta sabon adireshi, ƙofar ta koma tana kallon wayar wani. Daga nan ka je Port Forwarding a rautar, wasu kan rubuta Virtual Server, ka tura 52000 zuwa wannan adireshin, TCP da UDP duka. Saitin UPnP na rauta na yin hakan da kansa, amma na hannu ya fi tabbas. Saitin DMZ na rauta kuwa don Allah ka bar shi, gidan gaba ɗaya yake buɗewa.

A katangar tsaron Windows, ka tabbatar an ba qBittorrent izini a irin hanyar da kake kai, Private ko Public. Idan riga-kafin kwamfutarka na da tasa katangar, ita ma sai ka buɗe a can.

Kada ka bar turawa (upload) ba linzami. Auna ƙarfin turawarka, ka tsayar da manhajar a kusan kashi 80 cikin 100, domin idan hanyar fita ta cika, saƙonnin tabbatar da karɓa suna makalewa, saukewar ma ta ja baya. Ƙaramin rauta kuma ba ya jure haɗi 500 lokaci guda, ka rage zuwa 200 a qBittorrent.

Gwajin ƙarshe ka yi shi da torrent ɗin Ubuntu (wani tsarin Linux na kyauta), masu rabawa sun yi yawa a kansa, kuma da kebul a maimakon Wi-Fi. Megabit 20 iyakarsa megabait 2.5 a daƙiƙa. In ka kusanci haka, saitinka ya yi, wancan fayil ɗin ne ba shi da masu rabawa.