Amsa ga wadda aka gaya wa ɓargonta ya gaza

'Yar'uwa, kin ce likita ya tabbatar miki da cutar aflastik anemiya, wato gazawar ɓargo wajen samar da jini, kuma tun ranar ba ki samu barci ba. Allah ya ba ki lafiya.

Ɓargon da ke cikin ƙashi shi ne ke samar da jajayen ƙwayoyin jini, da farare masu yaƙar cuta, da waɗanda ke tsayar da zubar jini, shi ya sa gazawarsa ke kawo kasala da yawan kamuwa da cuta da jini a dasashi. Wannan cuta ba sankara ba ce, kuma ba a ɗaukarta daga wani.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne zazzaɓi. Ki ajiye ma'aunin zafin jiki kusa da gadonki, kuma duk lokacin da ya kai digiri 38, ko da tsakar dare ne, ki tafi asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba, domin jikinki ba shi da isassun masu tsaronsa. Kada ki sha asfirin ko ibuprofen sai da izinin likita, kuma ki koma buroshi mai taushi.

Idan ana tunanin dashen ɓargo, kada danginki su ba ki jini, amma a gwada waɗanda kuke uwa ɗaya uba ɗaya a ga ko ɓargonsu zai dace da naki, tunda kowannensu yana da damar dacewa ɗaya cikin huɗu. Maganin rage ƙarfin garkuwar jiki kuwa, wanda ake bayarwa don hana ta kai wa ɓargo hari, yakan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ya nuna aikinsa, don haka kada sakamakon makonnin farko ya karya miki zuciya.